Lambunan tsirrai da makomar itatuwan Gaya da Ajingi

A manyan biranen duniya da dama akwai wasu lambuna na musamman da ake keɓewa domin tara ire-iren tsirrai da itatuwa, a rubuta sunayensu, a yi nazari a kansu, sannan a buɗe wa jama'a ƙofa su shiga su gani.

Matafiya daga arewacin Najeriya, kama daga ɗalibai da 'yan kasuwa har zuwa masu neman magani a Alƙahira ko Landan, sukan gifta irin waɗannan wurare. Wasu ma sukan shiga su ɗauki hoto su fito, a zatonsu wurin shan iska ne kawai.

To sai dai masana kimiyyar tsirrai suna kallon waɗannan lambuna ne a matsayin rumbun ajiya. Abin da ake ajiyewa a ciki kuwa yana da alaƙa da halin da gonaki suke ciki a yankuna irin su Gaya da Ajingi da ke gabashin jihar Kano.

Bincike ya nuna cewa a karkarar Kano bishiyoyi ba su ƙare ba, amma ire-irensu suna raguwa.

Mene ne lambun tsirrai?

Abu uku ne suka bambanta lambun tsirrai da wurin shaƙatawa.

Na farko shi ne rajista. Kowace bishiya tana da lamba, kuma akwai kundin da ke nuna inda aka samo ta, da wanda ya kawo ta, da shekarar da aka dasa ta.

Na biyu shi ne suna. Akan maƙala ɗan allo a jikin bishiyar ko a gindinta, ɗauke da sunanta na kimiyya cikin harshen Latin, da danginta, da ƙasarta ta asali.

Na uku kuwa shi ne bincike da koyarwa. Manyan lambuna suna da ɗakin adana busassun ganyaye da furanni da aka manna a takarda, wasu kuma suna da rumbun sanyi na adana iri.

Amfanin sunan kimiyya a fili yake ga duk wanda ya yi tafiya a ƙasar Hausa. Bishiyar da Bakano yake kira darbejiya, ita ce ake kira dogon yaro a wasu wuraren, bedi a Katsina da Maraɗi, maina kuma a wasu sassan gabas. Amma a kundin masana sunanta ɗaya ne a duk duniya, wato Azadirachta indica.

Daga Andalus zuwa Landan

Tara tsirrai domin ilimi daɗaɗɗen al'amari ne, kuma likitoci ne suka fi ba shi ƙarfi a farko, domin yawancin magunguna daga saiwa da ganye da sassaƙe ake samun su.

A ƙarni na 11, a birnin Toledo na Andalus, likita Ibn Wafid ya kula da wani lambu na sarkin birnin, al-Ma'amun, inda ake gwada tsirran da aka kawo daga ƙasashe masu nisa. Masanin noma Ibn Bassal ya yi aiki a can kafin ya koma birnin Ishbiliya.

Wani ɗan Andalus ɗin, Ibn al-Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙu a 1248, ya yi bayanin magunguna da abinci kimanin 1,400, akasarinsu na tsirrai.

A Turai kuwa, jami'ar Padua da ke Italiya ta kafa lambunta a 1545 domin koyar da ɗaliban likitanci, kuma har yanzu yana nan a inda aka fara kafa shi.

Wanda ya fi shahara a yau shi ne lambun Kew da ke kudu maso yammacin Landan, wanda aka kafa a 1759. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2003, kuma ɗakinsa na busassun tsirrai yana ɗauke da samfura fiye da miliyan 7.

A nahiyar Afirka ma akwai tsofaffin lambuna. Akwai na Hamma a birnin Aljiyas tun 1832, da na Orman a Giza kusa da Alƙahira tun 1875, da na Aburi a Gana tun 1890, sai na Limbe a Kamaru da Jamusawa suka kafa a 1892.

A Najeriya, gwamna Alfred Moloney ya buɗe tashar gwajin tsirrai a Ebute Metta da ke Legas a 1887.

Darasin kwakwar manja

Galibin lambunan da aka kafa a zamanin mulkin mallaka, an kafa su ne da manufar kasuwanci. Turawa suna neman sanin wane tsiro ne zai yi kuɗi idan aka ɗauke shi daga wata ƙasa aka kai shi wata.

A 1876, wani Baturen Ingila mai suna Henry Wickham ya kwaso irin bishiyar roba kimanin 70,000 daga Brazil ya kai Kew. Kaɗan ne daga ciki suka tsiro, amma daga cikinsu aka aika da dashe zuwa Sri Lanka da Singafo, kuma cikin shekaru kimanin 40 nahiyar Asiya ta ƙwace kasuwar roba daga hannun Brazil.

Labarin da ya fi shafar Najeriya shi ne na kwakwar manja, wadda asalinta bishiyar Afirka ce.

A 1848 aka dasa ƙananan bishiyoyin kwakwar manja guda huɗu a lambun tsirrai na Bogor da ke tsibirin Jaba a Indunisiya. Daga zuriyarsu aka samu irin da aka kafa manyan gonaki da shi a tsibirin Sumatra daga 1911, da kuma Malesiya daga 1917.

Ana yawan cewa a shekarun 1960 ne Malesiya ta zo Najeriya ta ɗauki iri, amma tarihi ya nuna cewa gonakinta sun riga wannan lokaci da shekaru da dama.

A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da manja. A yau Indunisiya da Malesiya ne suke samar da fiye da kashi 80 cikin 100, Najeriya kuwa sai ta shigo da wani daga waje kafin ta cike giɓin abin da take buƙata.

Darasin dai shi ne, wanda ya adana iri ya kuma yi nazarinsa, shi ne yake cin moriyarsa, ko da kuwa ba a ƙasarsa irin ya fara tsirowa ba.

Likitan da ya tattara sunayen Hausa

Akwai wata tsohuwar alaƙa tsakanin lambun Kew da ƙasar Hausa wadda mutane da yawa ba su sani ba.

Dokta John Dalziel, wani likita ɗan yankin Scotland, ya yi aiki a Afirka ta Yamma daga 1905 zuwa 1922, kuma ya shafe shekaru a arewacin Najeriya. A wuraren da ya zauna, ciki har da Katagum da ke gabas da Gaya, ya riƙa tattara ganyaye da furanni yana busarwa yana aikawa Landan, yana kuma tambayar mutane sunayensu da amfaninsu.

A 1916 ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Daga baya ya haɗa gwiwa da John Hutchinson na Kew suka fitar da babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, sannan a 1937 ya fitar da littafi a kan tsirrai masu amfani na yankin.

Ma'ana, ilimin da manoma da makiyaya da masu maganin gargajiya suka bayar da baki fiye da shekaru 100 da suka wuce, yana nan a rubuce, kuma samfuran da aka tsinka a dazukan arewa suna nan a ajiye a Landan.

Tambayar da ta rage ita ce, nawa ne daga cikin waɗancan tsirrai za a iya samu a yau a wuraren da aka tsinko su?

Kano da Zariya

Mutumin Gaya ko Ajingi ba sai ya ƙetare teku ba kafin ya ga tarin itatuwa a wuri guda. Idan ya bi ta Wudil ya shiga birnin Kano, akwai gidan namun daji na Audu Bako, wanda aka fi sani da Gidan Zu.

An kafa shi ne a farkon shekarun 1970, zamanin gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. Baya ga dabbobi, wurin yana da manyan bishiyoyi da suka sa ya zama ɗaya daga cikin filaye masu duhuwa ƙalilan da suka rage a tsakiyar birnin.

A lokutan bukukuwan Sallah dubban mutane ne suke tururuwa zuwa can, amma hankalin akasarinsu yana kan zaki da kura da jimina. Ba kasafai ake samun mai ɗaga kai ya tambayi sunan bishiyar da yake zaune a inuwarta ba.

A 2020 gwamnatin jihar ta lokacin ta bayyana shirin mayar da gidan zuwa yankin Tiga, matakin da ya janyo suka daga masu fafutukar kare muhalli. Ana iya ɗaukar dabba a mota a sauya mata wuri, amma ba a ɗaukar bishiya mai shekaru 50.

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da lambun tsirrai da ɗakin busassun samfura, inda ɗaliban kimiyya da na haɗa magunguna suke kai ganye domin a tabbatar musu da sunansa kafin su fara bincike. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da nata lambun.

Mafi girman ɗakin busassun tsirrai a ƙasar kuwa yana cibiyar binciken gandun daji ta Najeriya da ke Ibadan.

Gonakin Gaya da Ajingi

Gaya tsohon gari ne. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran da ake kira Abagayawa daga can suka tashi suka je gindin dutsen Dala neman tama, kuma ana danganta sunan Kano da ɗaya daga cikinsu.

Ƙira dai ba ta yiwuwa sai da gawayi, gawayin da maƙera suka fi so kuwa shi ne na ƙirya, saboda ƙarfin wutarsa. Da itacen ƙirya kuma ake sassaƙa turmi da taɓarya masu ƙarko.

Yankin yana samun ruwan sama ne na watanni huɗu zuwa biyar a shekara. Tun kaka da kakanni manoma suke barin zaɓaɓɓun bishiyoyi a tsakiyar gonakin gero da dawa da gyaɗa, kowace da aikinta.

Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, sannan ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi suke neman abinci da inuwa. Saiwoyinsa suna ƙara wa ƙasa taki, shi ya sa hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau.

Ɗorawa tana ba da kalwar da ake daddawa da ita. Kuka tana ba da miya, tsamiya tana shiga kunu, da itacen aduwa ake sassaƙa allon karatu, majema suna jima da bagaruwa, magina kuma suna yin azara da giginya.

Sunayen unguwanni da garuruwa irin su Kurna da Ɗorayi da Giginyu da Rimin Gado shaida ne na irin matsayin da waɗannan itatuwa suke da shi a ƙasar Kano.

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, yana cikin waɗanda suka wallafa wani bincike a 1990 a kan itacen girki a Kano. Sun gano cewa duk da yawan jama'a, manoman da ke kewaye da birnin suna kula da bishiyoyin gonakinsu, saɓanin hasashen da ake yi a lokacin cewa za a sare su ƙaf.

Wani binciken da Muhammad Usman da Janet Nichol suka wallafa a 2018 da 2019, bayan kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan adam, ya nuna cewa yawan bishiyoyi a gonakin karkarar Kano ya ma ƙaru.

To amma ƙarin ya fi fitowa ne daga ire-ire ƙalilan da ake amfani da su wajen girki, musamman darbejiya, yayin da da yawa daga cikin itatuwan gado suke ja baya.

Darbejiya dai baƙuwa ce daga yankin Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Tana saurin girma, tana jure fari, kuma alhazai sun san inuwarta a filin Arfa. Sai dai ba ta ba da daddawa, ba ta ba da miya.

Dalilin ja bayan itatuwan gado kuwa a bayyane yake. Ɗorawa takan kai shekaru takwas zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya, kaɗanya kuwa takan kai 15 zuwa 20. Gonaki suna ƙanƙancewa saboda rabon gado, awaki suna cinye ƙananan tsirrai da rani, garmar shanu kuma tana tumɓuke su da damina.

Idan tsohuwar bishiya ta faɗi, sau da yawa babu ƙaramar da za ta gaje ta.

Abin da rumbun iri ba zai iya ba

Matsalar ba ta Kano ce kaɗai ba. Wani rahoto da ƙungiyar lambunan tsirrai ta duniya, BGCI, ta fitar a 2021 ya ce kimanin kashi 30 cikin 100 na ire-iren bishiyoyi kusan 60,000 da aka sani a duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sanya kaɗanya da maɗaci cikin jerin masu rauni, madobiya kuwa tana cikin waɗanda suke fuskantar haɗari, sakamakon sarar da aka yi mata ana fitar da katakonta zuwa Sin.

Ɗaya daga cikin hanyoyin kariya ita ce adana iri. A shekara ta 2000 lambun Kew ya buɗe wani katafaren rumbu a Wakehurst da ke kudancin Ingila, inda ake busar da iri sannan a ajiye shi cikin sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili. A yanzu akwai ƙwayoyin iri fiye da biliyan biyu a ciki.

Ƙwayar da ta cika biliyan ɗaya a 2007, irin gora ce da aka kawo daga ƙasar Mali.

Sai dai ba kowane iri ne yake jure wannan ba. Ƙwayar kaɗanya, alal misali, takan mutu idan ta bushe, kuma cikin 'yan makonni take daina tsirowa. Irin wannan bishiya ba ta da wata ajiya face a raye, a cikin ƙasa.

Haka kuma wani nazari da masana a jami'ar Cambridge suka wallafa a 2017 ya nuna cewa lambunan duniya suna riƙe da aƙalla kashi 30 cikin 100 na tsirran da aka sani. Amma yayin da aka adana kimanin kashi 60 cikin 100 na tsirran ƙasashe masu sanyi, kashi 25 ne kacal na tsirran ƙasashe masu zafi suka samu shiga.

Wannan yana nufin babu tabbas cewa wani lambu a Turai yana riƙe wa mutanen Ajingi abin da suka rasa.

Abin da matafiyi zai duba

Ga wanda ya samu kansa a wani birni mai irin wannan lambu, sa'a biyu ko uku sun isa ya ƙaru, muddin ya san abin da zai duba.

Allon da ke jikin bishiya shi ne mabuɗi. Wanda ya rubuta sunan kimiyya na kuka, wato Adansonia digitata, ko na gawo, wato Faidherbia albida, zai iya gano su a kowane lambu, ya kuma nemi abin da aka rubuta a kansu a intanet.

A ƙasashe masu sanyi, tsirran Afirka suna cikin ɗakunan gilashi ne da ake ɗumamawa. A ƙasashe masu yanayi irin na Kano kuwa, abin lura shi ne yadda ake rainon dashe, da yadda ake ban ruwa, da yadda ake kare ƙananan bishiyoyi.

A Katar akwai wani lambu da aka ƙaddamar da shirinsa a 2008, wanda ya keɓanta da tsirran da aka ambata a Alƙur'ani da hadisai, kamar dabino da zaitun da ɓaure da rumman.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne tsinkar iri ko reshe a sa a aljihu. Dokokin lambunan sun hana, kuma ƙasashe suna da dokokin hana shigo da tsirrai ba tare da takardar shaidar lafiyarsu ba, domin ta haka cututtuka da ƙwari suke ƙetare iyaka.

Sassabin zamani

Maƙwabciyar Najeriya ta arewa ta nuna cewa ana iya dawo da bishiyoyi ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba.

Daga 1983, a jihar Maraɗi ta jamhuriyar Nijar, wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki tare da manoma a kan dabarar da ake kira sassabin zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi mafi ƙarfi a bar shi, a datse sauran.

Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an samu bishiyoyi kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar.

Sai dai dabarar tana dawo da abin da saiwarsa take raye ne a ƙasa. Irin da ya riga ya ɓace daga yanki, sai an nemo shi an raina an dasa, kuma a nan ne aikin lambun tsirrai yake shigowa.

Kano tana cikin jihohi 11 na Najeriya da suke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin yaƙi da kwararowar hamada. A Wudil kuma, kusa da Gaya, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliko Dangote, wadda take da tsangayar aikin gona.

Ƙaramin lambu ba ya buƙatar ɗakin gilashi. Abin da yake buƙata shi ne fili mai shinge, da rijiya, da mai gadi, da littafin rajista, da kuma dattawan da suka san sunan kowace bishiya da inda ragowarta take.

Filin makarantar sakandare ko na sakatariyar ƙaramar hukuma zai iya ɗaukar ire-ire 40 ko 50, kowanne da allonsa cikin Hausa da Latin.

Abin da ya fi komai wuya dai shi ne lokaci. Ɗorawar da aka dasa a bana, sai yaran da suke firamare a yau sun zama samari kafin a ci daddawarta, dattawan da suka san sunayen kuwa suna raguwa a kowace shekara.